Lemun Tsami da Ɗan'uwansa Yuzu

Kaikai gari ne a ƙasar Kusada, kusa da Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. Mutanensa manoma ne, suna noma gero da dawa da gyaɗa da wake. In yaro ya fita bayan gari zai ga tsamiya da kuka da gawo tsaye cikin gonaki, ba wanda ya taɓa ba su ko moɗa guda ta ruwa, amma ga su nan shekara da shekaru. Lemo kuwa ba zai gan shi a daji ba, ko ya yini yana yawo. Sai a lambu, ko a cikin gida kusa da rijiya. Duk da haka da wuya a ci kasuwa a watse ba a ga mai lemun tsami ba, ya shimfiɗa buhu ya kasa shi uku-uku ko biyar-biyar.

Dalilin wannan bambanci shi ne, tsamiya 'yar gida ce, lemo kuwa baƙo ne. Asalin tsamiya nan Afirka ne, ta saba da dogon rani. Asalin lemun tsami can gabas ne ƙwarai, a ƙasashen da ke kudu maso gabashin Asiya, inda ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba. Fatake ne suka ɗauko shi zuwa Indiya da Farisa, Larabawa suka kai shi Masar da sauran ƙasashen arewacin Afirka. Ko sunansa ma ya nuna hanyar da ya biyo, gama da Larabci laimun ake ce masa, Hausawa suka sassauta suka ce lemo.

Lemo dangi ne babba. Akwai lemun zaƙi wanda ake ferewa a sha, akwai tanjarin mai saukin ɓarewa, akwai babban lemun tsami mai launin rawaya, akwai kuma ƙaramin nan kore mai siririn ɓawo, wanda aka fi sani a kasuwannin ƙasar Hausa. Yawancin lemun zaƙin da ake sha a Katsina daga Jihar Binuwai manyan motoci ke kawo shi, su sauke a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, daga nan 'yan sari su rarraba shi garuruwa. Ƙaramin lemun tsami ya fi sauran jimirin zafi, saboda haka shi ne aka fi samu a lambunan arewa.

Akwai alama guda wadda dukan dangin ke da ita. Ku tsinki ganyen lemo ku ɗaga shi wajen rana, za ku ga ɗigo-ɗigo masu haske kamar an sossoke shi da allura. Waɗannan 'yan jakunkunan mai ne. In kun murza ganyen da yatsa sai su fashe, ƙanshi ya tashi. Irin wannan man ne ke cikin ɓawon 'ya'yan, shi ne kuwa ke shiga idon mutum ya yi zafi sa'ad da ake ɓare lemo kusa da shi.

Ruwan lemun tsami kuwa, abin da ke sa shi tsami wani sinadari ne wanda ba a ganinsa, amma ana iya ganin aikinsa. A daka 'yar kanwa a zuba a ƙoƙo, a matsa lemo a kai. Nan da nan sai ta yi kumfa tana shuu, kamar ana tuya. Tsami da kanwa abokan gaba ne, in sun gamu kowa sai ya karya ƙarfin ɗan'uwansa, iska ta fita daga tsakaninsu. Iskar nan ita ce irin wadda ke tasowa in an buɗe lemun kwalba. In kuma aka zuba zoɓo a kofi biyu, aka ɗiga lemo a ɗaya, aka sa kanwa a ɗayan, na lemon zai ƙara ja, na kanwar ya yi duhu ya rine.

Mata sun daɗe da sanin aikin tsamin nan, ko da yake ba a aji suka koya ba. Mai dama kunun gyaɗa takan tace gyaɗarta ta dafa, ta zuba gasara ko shinkafa, sa'an nan a ƙarshe ta kawo ruwan tsamiya ko na lemo. Da ya shiga sai kunun ya ƙara kauri, ya yi fari, gardinsa ya fito. Mai awara takan tafasa madarar waken suya, ta zuba ruwan tsami, sai madarar ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwa ya ware gefe. In ba ta da ruwan tsamin gasara, lemo ya isa. Da shi ake wanke kifi a kashe ƙarni, a matsa shi a shayi, a kwaɓa lalle da shi don ya kama sosai. Tsohuwar tasa ta jan ƙarfe in ta dushe, a goge ta da ɓarin lemo da toka, sai ta fito tana walƙiya kamar ranar da aka kai amarya.

Ban da tsami akwai wani abu cikin ruwan lemo wanda ya fi tsamin amfani ga jiki. Labarin yadda aka gane shi ya faro ne daga teku. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙa sukan yi wata da watanni ba su taka ƙasa ba, ba abin da suke ci sai busasshen burodi da nama mai gishiri. Sai wata cuta ta kama su. Dasashinsu ya kumbura yana zub da jini, haƙora su yi ta girgiɗa, tsohon miki ya sake buɗewa, ƙato ya kasa ɗaga hannunsa. Dubban mutane suka mutu ta haka. A shekarar 1747 wani likita mutumin Sikotlan, sunansa James Lind, yana aiki cikin jirgin yaƙin Ingila mai suna Salisbury, ya ware marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗansu ya ba su ruwan inabi mai tsami, waɗansu har ruwan teku ya ba su. Mutum biyu kuwa ya riƙa ba su lemun zaƙi biyu da babban lemun tsami ɗaya kowace rana. Bayan kwana 6 ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya samu sauƙi ƙwarai. Sauran goman suna nan kwance. Abin mamaki, sai da aka yi kusan shekara 50, watau a 1795, kafin hukumar jiragen yaƙin Ingila ta ba da umurni a riƙa ba kowane matuƙi ruwan lemo. A 1932 ne masana suka tabbatar da abin da ke cikin lemon, wanda yanzu ake kira bitamin C. Jikin mutum ba ya iya yin bitamin ɗin nan da kansa, ba ya kuma ajiye shi da daɗewa, tilas a riƙa samunsa cikin abinci. Yaron ƙauye ba ya rasa inda zai same shi, gama garin 'ya'yan kuka, da gwaba, da ɗanyen tumatir duk suna da shi. Garin 'ya'yan kuka ma ya fi lemo yawansa nesa.

Har wa yau, lokacin da annobar kwalara ta faɗa wa ƙasar Gini Bisau a 1996, likitoci sun lura cewa gidajen da ke matsa lemun tsami a miyar da suke ci da shinkafa ba su kamu kamar sauran ba, domin ƙwayar cutar ba ta jure tsami. Amma kada wani ya ji haka ya ce lemo ya ɗauke masa wanke hannu da tafasa ruwa. Wanda amai da gudawa suka kama, asibiti za a kai shi da gaggawa. Kada kuma yaro ya mai da tsotson lemun tsami al'ada, gama tsamin yana cin bayan haƙori a hankali, abin da ya ci kuwa ba ya komowa.

To, yaya manomin Kaikai zai yi ya samu itacen nan a gidansa? Babbar wahalarsa ruwa ce. Damina a wannan yanki wata huɗu ce ko ɗan fiye, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa ko ɗigo. Gero ya san wannan, shi ya sa yake sauri ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Lemo ba ya zub da ganyensa ya yi barci da rani kamar kuka, kullum kore yake, kullum kuwa yana bukatar sha. Saboda haka kafin mutum ya haƙa rami sai ya tambayi kansa ko rijiyarsa tana kaiwa bazara da ruwa. In ba ta kaiwa, ya haƙura da lemo, ya dasa wani abu.

In ruwa ya samu, sai a haƙa rami, zurfinsa kamu ɗaya da rabi, faɗinsa ma haka. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki ba shi da kyau, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Farkon damina ake dashe, bayan ƙasa ta jiƙa sosai, don itacen ya kafu kafin rani. In itatuwan suna da yawa a bar taki shida ko bakwai tsakaninsu. Wanda ya ga dashen ƙanana ya matse su, bayan shekara biyar zai ga rassa sun sarƙe, rana ba ta shiga, 'ya'ya ba su da yawa.

Akwai kuskure guda wanda masu son lemonsu suka fi yi. Sai mutum ya tara ƙasa a gindin itacen, ya yi masa gurbi, ya riƙa kwarara ruwa har ya kwanta a jikin kututturen. Lemo ba ya son haka. Ɓawon gindin sai ya ruɓe, ya riƙa fid da wani abu kamar ƙaro, ganye ya yi rawaya, itacen ya mutu a tsaye. Abin da ya kamata, a yi kewaye kamar zobe nesa kaɗan da gindin, daidai inda inuwar rassa ta tsaya, a zuba ruwan a nan, gama a nan ƙananan saiwoyi masu sha suke. A rufe wurin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laimar, amma kada ciyawar ta taɓa kututture.

Sai kuma akuya. Ƙayar lemo ba ta hana ta komai, in ta samu ƙaramin dashe da rani, lokacin da ba wani kore a gari, kafin a idar da sallar azahar ta gama da shi. Dole a yi masa shinge na ƙaya ko na kara mai ƙarfi. Akwai kuma wata tsutsa mai wayo. Tana ƙarama baƙa ce da fari, in ta kwanta bisa ganye sai ka rantse kashin tsuntsu ne, saboda haka tsuntsaye ba su kula ta. In ta girma sai ta koma koriya kamar ganyen. Ku taɓa ta da tsinke, za ku ga ta fid da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta kamar ƙaho, wari ya tashi. Ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Babban itace ba ya jin ɓarnarta, amma uku ko huɗu sun isa su tsige ƙaramin dashe tas. Maganinta mai sauƙi ne, a duba ganyen da safe a tsince ta da hannu. Wannan aiki yara sun fi manya iyawa, don idonsu ya fi kaifi.

Hanya biyu ce ake samun itacen lemo. Ta farko a shuka ƙwallo. Ƙaramin lemun tsami yana fitowa sosai daga ƙwallo in an shuka shi ɗanye bai bushe ba, yakan kuwa yi kama da uwarsa, sai dai a jira shekara huɗu ko biyar ko fiye kafin a ga fure. Lemun zaƙi ya fi haka daɗewa. Hanya ta biyu ita ce aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. A reni wani lemo mai ƙarfin saiwa har jikinsa ya kai kaurin fensir. A tsaga ɓawonsa da wuƙa mai kaifi, a yanko ido ɗaya daga reshen itacen da aka san yana 'ya'ya masu kyau, a cusa shi cikin tsagar, a ɗaure da leda. Bayan mako uku a kwance. In idon yana nan kore, auren ya kama, sai a sare kan itacen daga sama don ƙarfinsa duka ya koma ga idon. Saiwa ta wani, rassa na wani, amma itace ɗaya. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku, domin idon daga babban itace ya fito, ya riga ya wuce ƙuruciya. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, irin wannan aiki na cikin abin da take yi.

Manomin da ke ganin shekara biyar ta yi masa nisa, bari ya ji labarin wani ɗan'uwan lemun tsami da ke ƙasar Japan, can ƙarshen gabashin Asiya. Sunansa yuzu. Asalinsa ƙasar Sin ne, ya shiga Japan fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Girmansa kamar tanjarin, ɓawonsa mai kauri ne, gurɗa-gurɗa, in ya nuna ya zama rawaya. Cikinsa ƙwallaye sun cika, ruwansa kaɗan ne, ga tsami ba a iya shansa haka nan. In mutumin Kaikai ya gan shi a kasuwa sai ya ce wannan lemo bai yi albarka ba. Amma ƙanshinsa ya fi na kowane lemo da ya sani, ɗan yanki kamar farce ya isa ya gauraye ɗaki.

Halinsa kuma dabam yake da na lemun tsami. Lemun tsami in sanyi ya kai ga ruwa ya daskare, mutuwa yake yi. Yuzu kuwa yana tsaye cikin duwatsu ƙanƙara na zuba a kansa, ba abin da ke samunsa. Wajen rabin yuzun Japan daga lardin Koci yake fitowa, a tsibirin Shikoku, inda ruwan sama yakan wuce milimita 2,500 a shekara, watau ya ninka na ƙasar Kankiya sau uku ko fiye. A can ba mai ɗaukar guga don lemo. Akwai ma itatuwan da suka tsiro da kansu daga ƙwallo a gefen duwatsu, kamar yadda tsamiya ke yi a nan, waɗansu sun haura shekara 100 suna 'ya'ya.

Sai dai yuzun ƙwallo yana da nawa. Yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya yi 'ya'yan fari, har mutanen Japan suna yi masa ba'a suna kiransa babban wawa mai shekara 18. Yaron da ya shuka shi yana aji ɗaya, sai ya yi aure kafin ya ɗanɗana. Saboda haka yawancin manoma aure suke yi masa bisa wani lemun daji mai ƙaya, su samu 'ya'ya cikin shekara huɗu ko biyar. Duk da haka masu dafa abinci da yawa sun fi son ruwan na ƙwallon, sun ce ya fi ƙanshi, suna kuwa biyan kuɗi mai yawa dominsa. Tsinkarsa ba wasa ba ce. Itacen dogo ne, a gangaren dutse yake, ƙayarsa kuma ta kai tsawon yatsa, tana iya huda takalmi. Sai an sa safar hannu ta fata, a hau tsani, a miƙa almakashi mai doguwar ƙota. A watan Nuwamba ake yawan tsinkarsa.

Yadda suke aiki da shi, da kaɗan-kaɗan ne, kamar yadda ake yi da daddawa. Suna da wani baƙin romo mai gishiri wanda suke yi da waken suya. In sun gauraya shi da ruwan yuzu sai su kira shi ponzu, su riƙa tsoma kifi da nama da ganye a ciki. Har awara suna ci da shi, gama awara tsohon abincinsu ne, tofu suke ce mata. A Koci da ruwan yuzu suke tsamama shinkafa. Ɓawon kuma ba a yar da shi. A tsibirin Kyushu sukan kankare shi su daka da barkono da gishiri, ya zama wani irin yaji mai laima. Mutanen Koriya sukan yayyanka shi su jiƙa cikin zuma ko sukari, in sanyi ya zo su ɗebi cokali guda su zuba a ruwan zafi su sha. Ranar da dare ya fi kowane dare tsawo a shekara, wajen 21 ko 22 ga Disamba, mutanen Japan sukan jefa yuzu ɗungum cikin ruwan wanka mai zafi su shiga, al'adarsu ke nan ta shiga hunturu.

A cikin duwatsun Koci akwai wani ƙauye, Umaji, mutanensa ba su kai 1,000 ba. Dā sana'arsu saran katako ce. Da cinikin katako ya faɗi sai suka koma ga yuzu, amma nasu ba shi da kyan gani, duk tabo, 'yan kasuwa ba su so. Sai ƙungiyar manoman ƙauyen ta ce, in ba a sayen 'ya'yan, a sayar da ruwan. Suka yi ta gwaji shekara da shekaru ba riba. A 1986 suka fito da ponzu nasu cikin kwalba, a 1988 kuma suka fito da wani abin sha wanda ba komai cikinsa sai ruwan yuzu da zuma da ruwa, suka sa masa sunan ƙauyensu. Suka riƙa aika wa mutanen birane ta gidan waya. Yanzu sunan Umaji sananne ne ko'ina cikin Japan. Maƙwabtansu na ƙauyen Kitagawa kuwa, a 2012 suka fara aika ɗanyen yuzu Faransa.

Yuzu ba zai ji daɗin bazarar Katsina ba, ba kuwa wanda zai ba manomin Kaikai shawara ya neme shi. Amma damuwar mutanen Umaji tana kama da ta mai lemun tsami a nan. In itace ya zuba 'ya'ya, na kowa ya zuba, kasuwa ta cika, a sayar da arha, sauran ya ruɓe a gindi. In bazara ta yi kuma a nemi na kunu a rasa, ko a saya da tsada. Tsofaffin Koci sukan matse yuzu su zuba gishiri cikin ruwan, su toshe kwalba, ya kai su wata shekara. Mutanen Oman da Iraƙi kuma wata dabara gare su, da irin ƙaramin lemun tsamin nan na kasuwar Kankiya suke yinta. Sukan tafasa shi ɗungum cikin ruwan gishiri na 'yan mintoci, su tsame, su shanya a rana mako da makonni, har ya bushe ya yi baƙi, ya yi sakayau, in an girgiza shi a ji ƙwallaye na ƙara a ciki. Lumi suke kiransa, alhazai sukan gan shi jibge a shagunan kayan yaji na Makka da Madina. In za a yi miya ko dafa-duka sai a huda guda ɗaya ko biyu da wuƙa a jefa a tukunya, ko a farfasa shi a cire ƙwallayen, don suna da ɗaci, a dafa shi kamar shayi. Abin da aikin ke bukata gishiri ne da tabarma da rana, sai kuma yaron da zai riƙa juya lemon kowace safiya, ya kwashe shi da maraice kafin raɓa ta sauka.